Wa Ya Taurare Zuciyar Fir'auna?

Ranar wata Laraba da yamma muna nazarin Littafi Mai Tsarki a majami'a, an ɗauke wuta, kowa yana haska shafinsa da fitilar waya. Littafin Fitowa muke bi, mun kai sura ta 9, inda marurai suka feso wa Masarawa da dabbobinsu. Dattijon da ke jagorantar mu ya karanta aya ta 12, wadda ta ce Ubangiji ya taurare zuciyar Fir'auna, bai saurari Musa da Haruna ba. Sai wani saurayi a bencin baya ya ɗaga hannu.

"Baba, a yi mini haƙuri, ina da tambaya. In Allah ne ya taurare masa zuciya, to shi Fir'auna mene ne laifinsa?"

Dattijon ya cire tabarau, ya goge da bakin rigarsa, ya mayar. Ya ce, "Ɗana, tambayar nan ta girme ni, ta girmi kakan kakana." Aka yi dariya, aka wuce aya ta gaba. Saurayin dai bai yi dariya ba, ni ma a raina na san an bar shi da ƙishirwa.

Gaskiyar dattijo ce, tambayar tsohuwa ce. Mu Hausawa ma kullum tana bakinmu ba tare da mun lura ba. Bakin da ya ce ƙaddara ta riga fata, ko zakaran da Allah ya nufa da cara ko ana muzuru ana shaho sai ya yi, shi ne dai zai juyo ya ce Allah ya ce tashi in taimake ka, abin da mutum ya shuka kuma shi zai girba. Maƙwabtanmu Musulmi sun yi tasu muhawarar tun ƙarnonin farko, tsakanin Jabariyya da Ƙadariyya, suna da nasu malaman da suka warware musu. Ni a nan ta Kirista zan bi. Su ma babu wani ɓangare da ake ji da shi da ya taɓa musun cewa mulki na Allah ne, ko cewa mutum zai amsa laifinsa ranar shari'a. Rigimar tana kan yadda waɗannan biyun suke zama a tabarma ɗaya, musamman a batun ceto: in mutum ya tuba ya ba da gaskiya ga Almasihu, a ƙarshen lissafi wa ya yanke shawarar?

Labarin Fir'auna kansa ya fi yadda muke tuna shi sarƙaƙiya. Wanda ya bi annoban nan goma da fensir a hannu zai ga marubucin yana sauya harshe. Bayan kwaɗi, sura 8 aya 15, cewa aka yi Fir'auna ne ya taurare zuciyarsa da ya ga an sami sauƙi. Bayan ƙudaje ma haka. Wani wurin sai a ce kawai zuciyarsa ta taurare, ba a ambaci wanda ya yi ba. Sai a annoba ta shida, ta marurai, aka fara cewa ƙarara Ubangiji ne ya yi. Masu kare 'yancin zaɓi suna riƙe wannan da hannu biyu: mutumin ya ƙi sau biyar da kansa, sannan Allah ya bar shi a kan hanyar da ya zaɓa, ya kuma kulle masa ƙofa. Origen, malamin Iskandariya na ƙarni na uku, ya kawo misali mai kyau, ya ce rana ɗaya ce take narkar da kakin zuma, ita ce kuma take busar da laka ta yi tauri. Bambancin yana cikin abin da aka shanya.

Da a nan maganar ta tsaya da an huta. Amma ɗaya ɓangaren zai ce a koma baya zuwa sura 4 aya 21. Musa bai ko taka ƙasar Masar ba tukuna, Allah ya riga ya faɗa masa cewa zai taurare zuciyar Fir'auna. Manzo Bulus kuma, da ya ɗauko labarin a Romawa sura 9, bai sassauta shi ba. Ya ce Allah yana yi wa wanda ya so jinƙai, yana taurare wanda ya so. Abin mamaki, nan take ya kawo tambayar saurayin nan kusan kalma da kalma: to don me har yanzu yake ganin laifi, wa ya isa ya ja da nufinsa? Amsar da ya bayar ita ce ta maginin tukwane da yumɓu, wai kai wane ne, ɗan adam, da za ka mayar wa Allah da magana. Mai karatu na iya jin kamar an rufe masa baki ne, ba a amsa masa ba. Sai dai shi Bulus ɗin, sura ɗaya gaba, yana roƙon Allah ya ceci 'yan'uwansa Yahudawa, yana kuma kawo maganar Ishaya cewa yini zubur Allah yana miƙa hannuwansa ga mutane masu taurin kai. Wanda ya taurare shi ne mai miƙa hannu. Duk muhawarar shekara dubu da ɗari shida da ta biyo baya, ƙoƙari ne na karanta sura 9 da sura 10 ba tare da an yage ɗaya ba.

A Afirka aka fara fafatawar da gaske. An haifi Agustin a shekara ta 354 a Tagaste, garin da yanzu ake kira Souk Ahras a Aljeriya, ya zama bishop na Hippo, wato Annaba ta yau. Mutum ne da ya san kansa sarai. A littafin da ya rubuta na furta zunubansa ya ba da labarin yadda, yana ɗan shekara 16, shi da abokansa suka karkaɗe bishiyar wani maƙwabci da dare, suka kwashi 'ya'yan itace niƙi-niƙi, ba don yunwa ba, don a gidansu akwai waɗanda suka fi su daɗi. Aladu suka watsa wa. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, laifin kansa ya so. Daga nan ya gane cewa matsalar ɗan adam tana cikin son ransa: yana zaɓa da kansa, babu mai tura shi, amma abin da yake so ɗin ne ya karkace tun daga Adamu. Saboda haka ya yi wata addu'a da ta zama sanadin rigima, ya ce wa Allah: ba da abin da ka umarta, sannan ka umarci abin da ka ga dama.

Pelagiyus, wani malami daga tsibiran Birtaniya da ke zaune a Roma, da aka karanta masa wannan addu'a sai ransa ya ɓaci. Kada a ɗauke shi mutumin banza. Yana ganin Kiristocin birni masu hannu da shuni suna holewa suna fakewa da raunin ɗan adam, shi kuwa yana so su daina. Hujjarsa gajera ce: Allah mai adalci ba zai umarci abin da ba za a iya ba, tunda ya umarta, ashe ana iyawa. Ikkilisiya ba ta bi shi ba. Taron bishop-bishop a Kartaj ya yi tir da koyarwarsa a shekara ta 418. Amma tambayarsa ba ta mutu ba, ta sake ɓullowa a cikin gidan Agustin. Wajen shekara ta 426 wasu sufaye a Hadrumetum, Sousse ta ƙasar Tunisiya a yau, suka karanta rubutunsa, har aka kai ga cewa in dai alheri ne ke yin komai, to shugaban gida ya daina tsawata wa mai laifi, ya yi masa addu'a kawai. Sai da Agustin ya rubuta littafi guda a kan tsawatarwa da alheri, yana cewa tsawatarwar ma hanya ce da Allah yake bi ya gyara mutum. Shekara kusan ɗari bayan rasuwarsa, taron bishop-bishop na Orange a kudancin Faransa, a shekara ta 529, ya tsayar da cewa ko mafarin bangaskiya kyautar Allah ce, amma ya la'anci duk mai cewa Allah ya ƙaddara wa wani aikata mugunta.

Zamanin gyaran ikkilisiya ya sake tayar da ƙurar. A 1524 Erasmus, wani masani ɗan Holan mai kare 'yancin zaɓi, ya kwatanta abin da uba mai nuna wa ɗansa ɗan tatata tuffa, yana riƙe da shi yana taka masa har ya kai. Yaron bai yi komai da ƙarfinsa ba, amma ya miƙa hannu. Martin Luther ya mayar masa da martani a 1525 da misali mai kaushi: nufin mutum dabbar hawa ce, in Allah ya hau ta nufi inda Allah yake so, in Shaiɗan ya hau ta bi nasa, ita ba ta zaɓen mahayi. Duk da zafin rubutun, Luther ya yaba wa Erasmus da cewa shi kaɗai cikin abokan hamayyarsa ya bar su batun Fafaroma ya cafko maƙogwaron zance. John Calvin a Jeniba ya tsara koyarwar zaɓe da kyau, wato cewa Allah ne ya zaɓi waɗanda za su sami ceto tun fil'azal, shi da kansa kuma ya kira hukuncin abin razana.

Inda na fi so a dakata shi ne Holan, don a can ne aka ga ainihin faɗin ramin da ke tsakani, kuma bai kai yadda ake zato ba. Yakubu Arminiyus ɗan gida ne. A Jeniba ya yi karatu a hannun Beza, magajin Calvin, ya yi fastanci a Amsterdam, ya zama farfesa a Leiden a 1603, inda ya yi ta sa-in-sa da abokin aikinsa Gomarus har ya rasu a 1609. Shekara guda bayan haka almajiransa, fastoci arba'in da wani abu, suka miƙa wa hukuma takardar ƙorafi mai batutuwa biyar. Mutane da yawa da ke kiran kansu mabiyan Calvin ba su taɓa karanta batu na uku ba. Cewa ya yi mutum, a halin zunubinsa, ba ya iya tunani ko nufi ko aikata wani abin kirki na gaskiya da ƙarfin kansa, sai an sake haifarsa. Wannan ai harshen Agustin ne, Pelagiyus ba zai sa masa hannu ba. Batu na huɗu ya ci gaba da cewa alherin Allah ne mafari da tsakiya da ƙarshen kowane abin kirki. Sai a jimlar ƙarshe aka raba hanya: amma wannan alheri ana iya ƙin sa.

Nan ne gaɓar. Kowa ya yarda Allah ne ke fara ƙwanƙwasa ƙofa. Kowa ya yarda da na ciki ba zai ko iya tashi daga shimfiɗa ba sai an ba shi ƙarfi. Tambayar ita ce, bayan an ba shi ƙarfin, zai iya cewa ba zai buɗe ba? Mutanen Arminiyus suka ce zai iya, kuma Allah ya zaɓi waɗanda ya riga ya san za su buɗe. Abokan hamayyarsu suka ce a'a, wanda Allah ya zaɓa sabuwar zuciya ake ba shi, da sonsa zai buɗe, kuma zaɓen bai rataya a kan wani abu da aka hango a wurinsa ba.

An kira babban taro a garin Dordrecht, wanda ake taƙaitawa Dort, ya buɗe ranar 13 ga Nuwamba 1618. Wakilai sun zo daga Ingila da Siwizalan da wasu yankunan Jamus. Na Faransa sarkinsu ya hana su zuwa, aka bar kujerunsu wayam. Mutanen Arminiyus, da Episkopiyus a gaba, ba a matsayin abokan shawara aka gayyace su ba, waɗanda ake tuhuma ne. Aka yi makonni ana gardama a kan ta inda za a fara, domin su suna so a fara da batun waɗanda ba a zaɓa ba, wurin da suka san takalmin abokan hamayya ke matsa su. A watan Janairu 1619 shugaban taro Bogerman ya fusata ya kore su daga zauren. Aka yanke hukunci ba sa nan, fastoci wajen 200 suka rasa aikinsu.

Ba tauhidi kaɗai ke cikin tukunyar ba, akwai siyasa. Ƙasar tana cikin tsagaita wuta da Sifen, Yarima Maurice mai riƙe da sojoji yana takun-saƙa da tsohon ɗan siyasa Oldenbarnevelt wanda ya tsaya wa mutanen Arminiyus. Ranar 13 ga Mayu 1619 aka fille kan dattijon a birnin Hague, yana da shekara 71. Masanin shari'a Hugo Grotius aka yi masa ɗaurin rai da rai a gidan kaso na Loevestein, sai a 1621 matarsa ta yi dabara ya sulale a cikin akwatin littattafai. Duk lokacin da na ji wani yana ɗaga hukuncin Dort kamar an sauko da shi daga sama, sai in tuna wannan akwatin.

Amma adalci ya sa a karanta abin da suka rubuta, don ya fi sunan da aka yi musu taushi. Sun ce a yi shelar bishara ga kowace al'umma da kowane mutum ba tare da bambanci ba. Sun ce alheri ba ya ɗaukar mutane kamar kututture ko dutse, ba ya kawar da nufinsu, ba ya tilasta shi, rayar da shi yake yi, ya warkar da shi, ya lanƙwasa shi cikin daɗi da ƙarfi. Sun ce wa iyaye masu bi da suka rasa jarirai kada su yi shakkar cetonsu. Wannan ba hoton mutum-mutumi ba ne da ake juyawa da zare.

A nawa ganin, kowane ɓangare yana da bashin da bai iya biya ba. Mai bin Calvin, in ka tambaye shi, tunda Allah yana iya canja kowace zuciya ba tare da tilas ba, me ya hana shi canja duka? Ga 1 Timoti 2:4 tana cewa yana so dukan mutane su sami ceto, ga Ezekiyel 33:11 inda ya rantse ba ya jin daɗin mutuwar mugu, ga Yesu yana makoki a kan Urushalima, ya so ya tattara 'ya'yanta kamar yadda kaza ke tattara 'yan tsakinta amma suka ƙi. Zai ce maka akwai nufin Allah da ya bayyana da kuma wanda ya ɓoye, daga nan sai ya yi shiru. Mai bin Arminiyus kuma ka ce masa, ga 'yan'uwa biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, wa'azi ɗaya suka ji, alheri ɗaya aka ba su, ɗaya ya tuba ɗaya ya ƙi. Me ya bambanta su? In wani abu ne a cikin mai tuban, ashe yana da ɗan abin taƙama. Sannan in Allah ya san tun fil'azal wane ne zai ƙi, ya kuma halicce shi duk da haka, ai tambayar saurayin nan ba ta tafi ba, ɗaki kawai ta sauya. Ni dai na fi karkata ga Agustin, saboda dalilin da ba na littafi ba ne: ban taɓa jin wani Kirista, ko na wace ɗarika, ya durƙusa yana yi wa ɗansa da ya bijire addu'a yana cewa Allah ka mutunta 'yancinsa ba. Cewa muke Allah ka juyo da zuciyarsa. Amma na yarda cewa mu ɗin nan, in mun hau bagade, kira muke kowa ya zo, muna kuma nufin kowa ɗin.

Abin da babu ɓangaren da ya goyi bayansa shi ne yadda muke amfani da "haka Allah ya so" mu wanke hannu. Direba ya yi lodi ya wuce kima, tayarsa ta siɗe kamar tafin hannu, ya zubar da mutane a hanya, a zo gaisuwa a ce ƙaddara ce, shi ke nan an rufe zance. Yusufu bai yi haka ba. Da 'yan'uwansa suka zube gabansa a Farawa sura 50, ya ce musu ku kun nufe ni da mugunta, Allah kuwa ya nufe shi da alheri. Aiki ɗaya, masu nufi biyu, kuma bai goge kalmar mugunta ba. Bitrus ma ranar Fentikos ya ce an ba da Yesu bisa ga ƙaddararren nufin Allah, a numfashi ɗaya kuma ya ce wa masu sauraro ku ne kuka kashe shi. A Ishaya sura 10 Allah ya kira Assuriya sandar fushinsa, sannan ya ce zai hukunta sarkinta saboda girman kansa, don shi ba aikin Allah ya fito yi ba, ganima ya fito nema. Wanda ya fi burge ni yana Ayyukan Manzanni sura 27. Jirgin ruwa da mutum 276 yana tsakiyar hadari, mala'ika ya tabbatar wa Bulus ba wanda zai mutu. Da matuƙan suka sauke ƙaramin kwalekwale za su gudu, Bulus ɗin nan da ya ji alkawari da kunnensa ya ce wa jarumin sojan, in mutanen nan ba su zauna a jirgi ba, ba za ku tsira ba. Sojoji suka yanke igiya. Bai ga wani karo tsakanin alkawarin da bukatar matuƙa ba.

Cocin Katolika ta yi irin wannan shari'a tsakanin 'yan Jesuit, masu bin Luis de Molina da littafinsa na 1588, da 'yan Dominika. Aka yi kusan shekara goma ana zama a Roma, a 1607 Fafaroma Bulus na Biyar ya sallami kowa ba tare da ya ba wani gaskiya ba, ya hana su kiran juna 'yan bidi'a. A Ingila kuma John Wesley da George Whitefield, abokai tun Oxford, sun ɓata a kan wannan batu wajen 1740, har tafiyar Methodist ta rabu biyu. Da Whitefield ya rasu a Amurka a 1770, Wesley ne ya yi wa'azin tunawa da shi a Landan, bisa ga wasiyyar mamacin.

Jikokin duka ɓangarorin suna nan tare da mu, ko da yawancin masu zama a benci ba su sani ba. Johanna Veenstra, wadda ta zauna a Lupwe kusa da Takum a jihar Taraba ta yau tun farkon shekarun 1920, 'yar ɗarikar Christian Reformed ce ta Amurka, wadda har yau hukuncin Dort yana cikin takardun bangaskiyarta. Daga wannan aiki CRCN, wato cocin Christian Reformed ta Najeriya, ta fito. Cocin NKST ta ƙasar Tibi ma reshen wannan bishiya ce. A jihar Taraba ɗin dai, ga 'yan Methodist magadan Wesley a Bambur da Jalingo, a Numan ta jihar Adamawa kuma ga 'ya'yan Luther. Sun daɗe suna haɗuwa a inuwar TEKAN, wato Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Najeriya, da yawa cikin fastocinsu a kwalejin tauhidi ta Bukuru suka yi karatu a aji ɗaya.

Bayan an tashi a daren nan na Laraba, na tarar da saurayin a bakin ƙofa yana ƙoƙarin tayar da babur ɗinsa. Na ce masa ya je gida ya karanta Fitowa daga sura 4 zuwa 14, ya ja layi a duk inda aka ce zuciya ta taurare, ya rubuta a gefe wa ya yi. Mako na zagayowa ya zo da takarda ya raba ta gida uku, na Allah, na Fir'auna, da na wuraren da ba a faɗi kowa ba. Ya nuna wa dattijo. Dattijon ya daɗe yana dubawa da fitilar waya, sannan ya ce a ba shi aron takardar zuwa Lahadi.